Madugan Teku: Yadda Aka Kai Tsibiran Ƙarshen Duniya

Ranar Lahadi, 5 ga Afrilu, 1722, jiragen ruwa uku na mutanen Holan ƙarƙashin Jacob Roggeveen suka hango wani ɗan tsibiri a kudu maso gabashin tekun Fasifik. Ranar ta dace da bikin Ista, sai suka laƙaba masa sunan bikin. Masu shi kuwa Rapa Nui suke ce masa. Girmansa bai wuce murabba'in kilomita 164 ba. Daga nan zuwa gaɓar ƙasar Cile kilomita 3,500 ne, kwatankwacin nisan da alhazai ke ci a jirgin sama daga Kano zuwa Jidda. Tsibiri mafi kusa da ke da mutane a yau, Pitcairn, sai an yi kilomita 2,000. Amma da baƙin suka matso, sai ga hayaƙi yana tashi, ga gonaki, ga kaji da ayaba da rake, ga manyan gumakan dutse sun juya wa teku baya. Kakannin mutanen wurin sun riga Roggeveen isowa da kimanin shekara 500.

Ta ƙaƙa? Tekun Fasifik ya kai murabba'in kilomita miliyan 165, ya fi dukan tudun duniya faɗi ko da an haɗa nahiyoyi wuri guda. Waɗanda suka cika tsibiransa ba su da ƙarfe, ba su da rubutu, ba su da allurar da ke nuna arewa. An daɗe ana ba da amsoshin da ke rage musu daraja: wai guguwa ce ta kwashi masunta ta watsar, wai daga Amurka ruwa ya turo su. Ni dai abin da na fahimta daga hujjojin da suka taru cikin shekara 70 ɗin nan shi ne da niyya suka tafi, da shiri, kuma babban sirrinsu ɗaya ne: ba sa fita sai sun san yadda za su komo gida.

Labarin ya girmi Rapa Nui nesa ba kusa ba. A zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya teku ya ja baya, a wani lokaci har da kusan mita 120. Sumatra da Java da Borneo suka haɗe da Asiya, Ostireliya da Niyu Gini su ma suka zama ƙasa ɗaya. Sai dai tsakanin ɓangarorin biyu akwai ruwa mai zurfin da bai taɓa ƙafewa ba, shi ya sa damisar Asiya ba ta isa Ostireliya ba, kangaru kuma bai shigo Asiya ba. Ɗan Adam ya tsallaka. Aƙalla shekara 50,000 da suka wuce yana Ostireliya da Niyu Gini, kuma kowace hanya ya bi dole ya haye ruwa sau da yawa, wani mai faɗin kusan kilomita 90. A kogon Jerimalai da ke Timor ta Gabas an tono ƙasusuwan kifin tuna masu shekara 42,000, shaidar cewa tun a lokacin akwai gwanayen su a teku.

Jirgin da suka hau kam ya ruɓe, domin itace da gora ba sa jure wa dubban shekaru. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a inda yake Jihar Yobe yanzu, shekararsa kusan 8,000, kuma yana cikin mafiya tsufa a duniya baki ɗaya. Ka ga ke nan tsakanin ranar da mutum ya fara keta teku da tsofaffin jiragen da ke hannunmu akwai shekara wajen 40,000. Don haka da sawu ake bin wannan labari: gawayin murhu, ƙashin kifi, tsingaro, kalmomin harshe, da jinin jikoki.

Sawun ya nuna mutanen farko sun shiga tsibiran Bismarck kusan shekara 40,000 da suka wuce, sun kai Buka a arewacin tsibiran Solomon wajen 30,000. Daga nan tafiya ta tsaya cak, ta yi sama da shekara 25,000 a tsaye. Daga Asiya har ƙarshen Solomon tsibiran manya ne masu tsaunuka, galibi kana hango na gaba kafin na baya ya ɓace maka. Bayan Solomon kuwa sai ruwa na sama da kilomita 350 kafin a ga wata ƙasa, daga Vanuatu zuwa Fiji kuma kusan 800, ga iska tana busowa daga gabas tana tura mutum baya. Duk yadda aka ƙara nisa kuma abincin daji raguwa yake yi. Wanda zai wuce nan sai ya zo da jirgi na daban, kuma ya zo da gonarsa a cikin jirgin.

Masu wannan jirgi daga arewa suka fito. Manoma ne da asalin harshensu ke Taiwan, suka gangaro Filifin kimanin shekara 4,000 da suka wuce, suka bazu cikin Indonesiya. Harsunan da suka tsiro daga nasu sun kai 1,200 a yau, kuma zumuncinsu ba ya ɓuya ko ga wanda ba masani ba. Biyar a harshen Malay lima ne, a Hawai lima, a bakin Mawori na Niyu Zilan rima, a Madagaska dimy. Ido kuwa mata, maka, mata, maso. Wajen shekara 3,300 da suka wuce wasunsu suka bayyana a tsibiran Bismarck da wata irin tukunya da ake danna wa ado da abu mai haƙora kamar mataji tun yumɓu yana ɗanye. Masu tonon tarihi na kiran su mutanen Lapita, da sunan wani wuri a Niyu Kaledoniya da aka tona a 1952. Tsingaron tukwanen ya bayyana a Vanuatu wajen shekara 3,000 da suka wuce, sai Fiji, sai Tonga da Samowa wajen 2,800. Shingen da ya tsare mutane dubban shekaru, su sun ƙetare shi sun ƙara dubban kilomita cikin 'yan ƙarnuka.

Jirgin nasu abin a tsaya a duba ne. Da gizagon dutse ake fafe gungume, a ɗora masa alluna a gefe, a huda su a ɗinke da igiyar zaren kwakwa, a toshe kafofi da ƙaro. Babu ƙusa ko ɗaya. Don kada ya kife, ko dai a ɗaura masa dogon itace mai yawo a gefe guda, ko a haɗa kwalekwale biyu a shimfiɗa dandamali a kansu a kafa 'yar bukka. Abin kama iska tabarma ce da ake saƙawa da ganyen wani itace mai kama da kaba. Ɗinkin igiya yana da wata fa'ida: idan ruwa ya bugi jirgin yakan ɗan lanƙwasa ya ba shi hanya maimakon ya tsage.

Kayan da ke ciki su suka fi komai rushe zancen tsautsayi. Masuncin da guguwa ta kwasa ba ya fita da matarsa da 'ya'yansa da irin shuka. Waɗannan kuwa sun sauka da kwakwa, gwaza, doya, ayaba, rake, da itacen da ake bugun ɓawonsa a yi tufafi. Yawancinsu ba da ƙwaya ake shuka su ba, sai da saiwa ko reshe, waɗanda ruwan gishiri ke kashewa. Dole a naɗe su da ganye mai danshi a yi ta lallaɓa su har makonni. Ga alade, ga kare, ga kaza, ga wani ƙaramin ɓera. Ba duka ke kaiwa ba: Niyu Zilan kare da ɓera ta samu, Rapa Nui kaza da ɓera. Ɓeran nan ya zama babban mai ba da shaida, domin ba ya iyo mai nisa, duk inda aka gan shi mutum ne ya kai shi. Lisa Matisoo-Smith ta bi ƙwayoyin halittarsa tsibiri-tsibiri don gano hanyoyin jiragen, wasu kuma suka auna shekarun ƙwayoyin itatuwan da ya gaigaya don sanin lokacin da mutum ya fara sauka.

Duk da haka gardama ta kai tsakiyar ƙarni na 20. Thor Heyerdahl, ɗan ƙasar Nowe, ya ce tunda iska da ruwa daga gabas suke zuwa, to daga Amurka ta Kudu mutanen suka fito. A 1947 ya ɗaure gumagumai ya sa wa abin suna Kon-Tiki, ya tashi daga Callao a Feru da mutum biyar, ruwa ya yi ta tura su kwana 101 har suka bugi murjani a tsibirin Raroia, gabas da Tahiti. Jarumta ce, amma harshe da tukwane da dabbobi da jini duk yamma suke nunawa, wajen Asiya. A 1956 kuma Andrew Sharp na Niyu Zilan ya ce mutum marar na'ura ba zai iya nufar tsibirin da ya wuce kusan kilomita 500 ya same shi ba, duk wanda ya isa dace kawai ya yi. Maganar ta yi wa mutanen tsibiran ciwo, domin waƙoƙinsu da tarihin bakinsu cike suke da sunayen jirage da madugai. An mai da su tatsuniya don kawai ba a takarda suke ba. Mu 'yan Afirka da aka taɓa ce wa tarihinmu bai fara ba sai da Bature ya iso, mun san ɗacin wannan.

Wata amsa daga kwamfuta ta zo. A 1973 masu bincike uku, Levison da Ward da Webb, suka fitar da sakamakon aikinsu: sun zuba bayanan iska da na tafiyar ruwa, sun saki jiragen lissafi sama da 100,000 su bi ruwa babu tuƙi. Wasu gajerun hanyoyi sun yiwu a haka, amma Hawai da Niyu Zilan da Rapa Nui kusan babu jirgin da ya kai su.

Sai Geoffrey Irwin, masanin tarihi kuma matuƙin jirgi, ya juya hujjar Heyerdahl. Iskar da ke zuwa daga gabas ita ce ma dalilin da ya sa aka nufi gabas. Mai karatu ya tuna yadda iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas watanni, sannan damina ta kawo ta kudu maso yamma. A Fasifik ma iskar gabas takan ɗauke a wasu lokutan, ta yamma ta taso na kwanaki ko makonni, musamman a shekarun da ake kira El Nino. Madugu sai ya jira wannan, ya bi ta ya yi gabas iya abin da guzuri zai ɗauka. In ya ga ƙasa, madalla. In bai gani ba, ya san iskar gabas za ta dawo ta kai shi gida da sauri fiye da yadda ya zo. Wanda ya bi iska ya yi yamma neman sabuwar ƙasa, shi ne ba shi da tabbacin komowa. Masu leƙe ke fara zuwa, su gano, su komo da labari da taurarin hanya, sannan a ɗaura kaya da iyali. Kai da komon kuma ya bar shaida: an samu gizago a tsibiran Tuamotu wanda gwajin dutsensa ya nuna daga Kaho'olawe ta Hawai aka saro shi, nisan kilomita 4,000.

To yaya ake riƙe hanya a ruwan da ba shi da alama? Duk wanda ya ji labarin ayarin gishiri da ke keta Tenere daga Agadas zuwa Bilma ya san rabin amsar: madugu uban tafiya, taswirarsa a kansa take, da dare kuma sama ce hanyarsa. Kowane tauraro yana da gurbin da yake fitowa a gabas da wanda yake faɗawa a yamma, kuma gurbin ba ya canjawa duk shekara, lokacin fitowar ne kawai ke matsawa. Madugun tsibiran Karolin, da ke arewa da Niyu Gini, ya raba da'irar sama gida 32, kowane da tauraronsa. Sai ya saita goshin jirgi a kan tauraron da ke fitowa ta gidan da tsibirinsa yake. In wannan ya yi sama, wani na biye da shi a gurbin, haka har asuba, taurari wajen goma a dare ɗaya. Yaro a ƙasa yake koyon wannan, da tsakuwoyin da aka jera a da'ira, yana haddacewa kamar karatun allo. Taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta suna cikin manyan alamominsu. Mawori na ce musu Matariki, kuma da fitowarsu suke shiga sabuwar shekara.

Idan hadari ya rufe sama, sai a koma ga ruwan da kansa. Ban da ƙananan igiyoyin da iskar wurin ke tayarwa, akwai manya masu tsawo da suka taso daga guguwar da ke dubban kilomita nesa, suna tafiya ta fuska ɗaya kwana da kwanaki. Gwani yana rarrabe biyu ko uku a lokaci guda daga yadda jirgin ke tashi da sauka a ƙarƙashinsa, ko da yana kwance ido rufe.

Sannan tsibiri ya fi girman ƙasarsa. Gajimare kan taru ya tsaya a kansa alhali sauran na wucewa, wani lokaci cikinsa ya yi kore saboda hasken ruwan da ke tsakiyar murjani. Wasu tsuntsaye a tudu suke kwana, su fita kamun kifi da safe har kilomita 30 ko fiye, su koma da yamma. Wanda ya gan su dab da magariba sai ya bi bayansu. Ta haka ɗigon ƙasa yake zama da'ira mai faɗin kilomita 60, kuma da yake tsibirai a jere suke, da'irorin kan haɗu su zama shinge mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Shingen madugu yake nufa, in ya faɗa cikinsa sannan ya nemi ƙofar da yake so. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lissafin nisa. A tunanin madugun Karolin jirgi a tsaye yake, tsibirai ne ke tafiya baya. Yakan ɗauki wani tsibiri a gefe wanda ba ya ganinsa, ya riƙa ƙiyasta yadda yake matsawa daga ƙarƙashin wannan tauraro zuwa wancan. Kowane matsi zango ɗaya ne, suna kiransa etak. Duk wannan a ka ake riƙe shi dare da rana, shi ya sa madugu ba ya barci sai gyangyaɗi har a sauka.

Bayan Tonga da Samowa tafiya ta sake tsayawa, wannan karon kusan shekara 1,700. Sannan sai kamar an buɗe ƙofa. A 2011 Janet Wilmshurst da abokan aikinta suka tace sakamakon gwajin kabon, wanda ake auna shekarun tsohon abu da shi, guda sama da 1,400, suka riƙe na abubuwa masu gajeren rai kamar ƙwaya da ƙananan rassa, domin tsohon gungume na iya girmar wutar da aka hura da shi da ɗaruruwan shekaru. Suka samu cewa an isa yankin Tahiti tsakanin 1025 da 1120, Hawai da Rapa Nui da Niyu Zilan kuma tsakanin 1190 da 1290, ko da yake wasu na ganin Hawai ta ɗan riga haka. A lokacin da tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa, babu ɗan Adam da ya taɓa taka Niyu Zilan. Masana sun kasu kan abin da ya buɗe ƙofar: wasu sun ce an inganta jirgi mai ciki biyu, wasu sun ce iska ce ta sauya, wasu sun nuna alamun dogon fari a lakar ƙasan tafkuna. Yunwa kaɗai dai ba ta isa bayani ba, domin sukan wuce gaba tun tsibirin baya bai cika ba. A al'adarsu babban ɗa ke gadon ƙasa da sarauta. Ƙanin da ya gano sabon tsibiri kuwa shi zai zama tushen zuri'a, da sunansa za a fara lissafin kakanni.

Zaman bai zo da sauƙi ba, kuma tsibiran ma sun ji a jikinsu. Tsuntsayensu da yawa sun daina tashi, ba su san gudun mutum ba. A Niyu Zilan akwai wasu tsuntsaye da ake kira moa, nau'i 9, babbarsu ta fi jimina tsawo, takan haura kilo 200. Cikin shekara kusan 150 da saukar mutum babu ko ɗaya, gaggafar da ke farautarsu ma ta bi su. Akwai tsibirai irin su Pitcairn da Henderson da Turawa suka tarar babu kowa sai kufai. Henderson ba shi da dutsen gizago ko ƙasar noma ta kirki, da jiragen tsibirin Mangareva mutanensa suka dogara, da jiragen suka ɗauke ƙafa zaman ya ƙare. Rapa Nui kuwa an daɗe ana kafa misali da ita, wai mutanenta sun sare dajinsu sun halaka kansu. Dajin ya ƙare kam, ɓera ya taimaka wajen cinye ƙwayarsa. Amma binciken tsofaffin ƙasusuwa da aka buga a 2024 bai ga alamar rushewar jama'a kafin zuwan Turawa ba. Abin da ya kusa ƙarar da su sananne ne: daga 1862 masu farautar bayi daga Feru suka kwashi wajen mutum 1,500, ƙalilan da aka maido suka zo da agana, zuwa 1877 mutum 111 suka rage.

Babban abincin Rapa Nui dankali ne, wannan da muke ce wa dankalin Hausa don bambanta shi da na Turawa, alhali asalinsa Amurka ne, bayan 1500 ya iso mu. A Polinesiya, wato tsibiran da ke tsakanin Hawai da Niyu Zilan da Rapa Nui, ya riga haka: an tono ƙonannen dankali a tsibirin Mangaia wanda ya girmi tafiyar Kolumbus ta 1492. Sunansa a can kumara, a wasu harsunan tsaunukan Ekwado da Feru kuma kumar. A 2020 gwajin ƙwayoyin halittar mutum sama da 800 ya nuna cewa wajen shekara ta 1200 jinin mutanen asalin Kolombiya ta yau ya shiga na mutanen gabashin Polinesiya. An haɗu ke nan, a nan Heyerdahl ya yi daidai. Wanda ya je wurin wani shi ake gardama a kai, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da cewa waɗanda suka gano ɗigo irin Rapa Nui ba za su kasa samun nahiyar da ta tare gabas gaba ɗaya ba.

Wani reshen zuri'ar yamma ya yi, ya zo har ƙofar Afirka. Madagaska kilomita 400 take daga Mozambik, amma harshenta, kamar yadda Otto Dahl ya nuna a 1951, ɗan'uwan harshen Ma'anyan ne na kudancin Borneo, nisan sama da kilomita 7,000. Sun iso da shinkafa da kwalekwalensu mai itace a gefe fiye da shekara 1,000 da suka wuce, suka cakuɗa da mutanen Bantu masu shanu daga nahiya. A namu gefen na Atlantika kuwa, tsibiran Kabo Berde, kilomita 570 daga Senegal, babu kowa a kansu har 'yan Fotugal suka iso wajen 1460. Mutanen tsibiran Kanari, waɗanda harshensu dangin na Buzaye ne, sun isa nasu tsibiran, amma da Turawa suka zo sun tarar ba su da jiragen teku, kowane tsibiri yana zaune shi kaɗai.

Ilimin teku yana iya ɓacewa, kuma a Fasifik ma saura ƙiris. A 1769 wani malami kuma madugu daga tsibirin Ra'iatea mai suna Tupaia ya shiga jirgin Kyaftin James Cook a Tahiti. Ya zana musu taswira mai tsibirai sama da 70, da suka isa Niyu Zilan kuma ya yi magana da Mawori suka fahimci juna. Cuta ta kashe shi a Batavia, Jakarta ta yau, a 1770. Bayansa cututtukan baƙi suka yi ta kwasar tsofaffi, jiragen Turawa suka karɓe fatauci, wasu gwamnatocin mulkin mallaka suka hana doguwar tafiya a kwalekwale. Zuwa 1970 babu madugu irin na da ko ɗaya a Hawai.

A 1973 Ben Finney da Herb Kane da Tommy Holmes suka kafa ƙungiya a can don a gwada a gani, tunda gani ya kori ji. Suka gina jirgi mai ciki biyu, tsawon mita 19, kayan gininsa na zamani amma siffarsa ta da, suka sa masa suna Hokule'a, sunan tauraron da ke bi ta tsakiyar kan Hawai. Madugu sai da aka nemo shi daga Satawal, wani tsibiri a Karolin da bai kai murabba'in kilomita 2 ba. Shi ne Mau Piailug, wanda kakansa ya fara koya masa tun yana ƙaramin yaro. Al'adarsu ba ta yarda a ba bare wannan ilimi ba, amma ya ga samarin garinsu sun juya masa baya, ya ji tsoron kada ya mutu da abin a cikinsa. Ranar 1 ga Mayu, 1976 suka tashi daga Maui babu na'urar nuna hanya ko ɗaya, a hanyar da Mau bai taɓa bi ba. Bayan wata guda suka faɗa shingen tsibiran Tuamotu a Mataiva, ranar 4 ga Yuni kuma suka shiga Papeete a Tahiti, tafiyar kusan kilomita 4,000, mutane wajen 17,000 na jiran su a bakin ruwa.

A 1978 jirgin ya kife kusa da Hawai, Eddie Aikau ya tafi neman taimako a kan allon hawan ruwa, ba a sake ganinsa ba. Mau ya dawo ya zauna ya koyar, kuma a 1980 ɗalibinsa Nainoa Thompson ya kai jirgin Tahiti ya dawo da shi, ɗan Hawai na farko da ya yi haka cikin ɗaruruwan shekaru. A watan Maris na 2007 Mau ya tara almajiransa a Satawal ya yi musu bikin pwo, naɗin cikakken madugu, wanda aka yi sama da shekara 50 ba a yi ba a tsibirin: mutum biyar 'yan Hawai, da wasu 11. Ya rasu a can ranar 12 ga Yuli, 2010. Shekara biyar bayan rasuwarsa almajiran nasa suka keto tekun Indiya da Hokule'a, suka wuce ta kudancin Madagaska, suka sauka a gaɓar Afirka ta Kudu.